Kula da Filin Kurket a Hunturun Ingila: Tambayoyi da Amsoshi

A Ingila da Wales ana buga kurket ne daga watan Afrilu zuwa ƙarshen Satumba. Da zarar an yi wasan ƙarshe, 'yan wasa kan kwashe kayansu, fili ya koma hannun hankaki da masu yawo da karnuka har tsawon wata shida. Mai wucewa ta bakin titi zai ɗauka an bar wurin ya huta ne, alhali a cikin waɗannan watanni ake gina filin da za a yi wasa a kai a shekara mai zuwa. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda sababbin 'yan sa-kai na ƙananan kulob-kulob suka fi yi, musamman wanda aka damƙa wa makullin rumfar injuna ba tare da dogon bayani ba.

Filin kurket ba ciyawa ɗaya ba ce duka? Me ya sa ake raba shi gida biyu?

Ido ne ke ganin ciyawa ɗaya. A tsakiyar filin akwai dandali mai kusurwa huɗu, wanda aka yanka shi ziri-ziri. Kowane ziri tsawonsa yadi 22 ne, wato mita 20.12, faɗinsa kuma ƙafa 10. A kan ziri ɗaya ake yin wasa a rana, a nan mai jifa ke sakin ƙwallo ta daki ƙasa kafin ta isa ga mai bugu. Ƙaramin kulob zai iya samun ziri takwas ko goma, manyan filaye kuwa sukan kai ashirin. Duk abin da ya kewaye dandalin har zuwa igiyar iyaka shi ne farfajiya.

Ƙasar wuraren biyu ta sha bamban, abin da ake nema daga gare su ma ya saɓa. Dandali ana gina shi da ƙasa mai yumɓu da yawa, domin a daɓe ta ta yi tauri har ƙwallo ta riƙa tashi daidai. Farfajiya kuwa so ake ta sha ruwa da sauri, ta yi sumul, ƙwallo ta gangara ba tare da ta yi tsalle ta fasa wa mai tare ta baki ba. Shi ya sa aikin da zai gyara farfajiya kan iya lalata dandali. Yashi, alal misali, magani ne a farfajiya amma guba ne a dandali.

Tunda maganar hunturu ake yi, me ya kawo watan Satumba?

Domin rabin aikin hunturu ya dogara ne ga abin da aka yi a makonni biyu ko uku bayan wasan ƙarshe. A lokacin dandali ya sha wuya. An aske shi ƙasa-ƙasa duk tsawon kakar wasa, an bi shi da rola mai nauyi, masu jifa sun tona ramuka da takalmansu a bakin kowane ziri. Ƙasa kuma tana da sauran ɗumi, iri zai iya tsirowa. Wanda ya yi jinkiri har ƙarshen Oktoba zai watsa iri a ƙasa mai sanyi, ya zauna yana kallon tsuntsaye suna kalace da shi.

Tsarin aikin sananne ne. Ana fara aske ciyawar ƙasa-ƙasa, sannan a shiga da injin karce mai wuƙaƙe a tsaye, a bi dandalin ta fuskoki uku ko huɗu, a kwashe duk matacciyar ciyawa da saiwoyin da suka taru suka yi katifa a saman ƙasa. Wannan katifa ita ce babbar abokiyar gabar mai kula da fili. Tana shanye ƙarfin ƙwallo, ta sa ta tashi a sanyaye, kuma babu rolar da za ta iya daɓe ta. Sabon shiga yakan tsorata idan ya ga yadda dandalin ya koma bayan karcewa, kamar an yi masa ɓarna. Kuskuren da aka fi yi shi ne tausaya wa ciyawar, a karce sama-sama, sannan a zuba sabuwar ƙasa a kan dattin da ba a kwashe ba. Idan aka maimaita haka shekara uku ko huɗu, sai ƙasa ta zama hawa-hawa, yumɓu, datti, yumɓu, datti, saiwa ta riƙa tsayawa a mahaɗar hawan farko ta bazu gefe maimakon ta nutse.

Bayan karcewa sai iri. Kusan duk dandalin Ingila ciyawar raigiras mai daɗewa ake shukawa, domin tana jure askewa da nauyin rola, kuma tana tsirowa cikin kwana 7 zuwa 10 idan ƙasa na da ɗumi da laima. Galibi ana zuba giram 35 zuwa 50 a kowace murabba'in mita. Sai taki, sai kuma sabuwar ƙasa a watsa a sama a ja ta da dogon ƙarfe miƙaƙƙe har ta cike kwaruruka. Ziri ɗaya yakan ci buhu 6 zuwa 10 masu nauyin kilo 25.

Kowace ƙasa mai yumɓu za ta yi?

A'a. Ƙasar dandali sayen ta ake yi a buhu, an busar da ita an tankaɗe. Yumɓun da ke cikinta yakan kama daga kashi 25 zuwa 35 cikin ɗari. Ƙananan kulob sun fi zama a ƙasan wannan ma'auni, domin ƙasa mai yumɓu sosai tana buƙatar tamfol da ruwa da ma'aikaci na kullum, abin da sai manyan filayen gundumomi ke da shi. Daga cikin waɗanda aka fi sani akwai ƙasar Ongar daga yankin Essex, da ta Surrey, da ta Boughton, da ta Mendip.

Abin da ya fi suna muhimmanci shi ne kada a riƙa sauyawa. Kowace ƙasa da yadda take kumbura idan ta jiƙe da yadda take tsukewa idan ta bushe. Idan aka ɗora wata a kan wata da ba su dace ba, rani na zuwa za su rabu a mahaɗarsu, saman ziri ya zama ɓawo mai motsi a ƙarƙashin ƙwallo. Sakataren kulob da ya ga wata ƙasa ta fi araha bana ya ce a saya, ya jawo wa mai kula da fili ciwon kan shekara biyar.

Akwai gwaji mai sauƙi da tsofaffin masu fili ke yi a gida. A kwaɓa ƙasar a mulmula ta ƙanana-ƙanana, a bar ta ta bushe na kwanaki, sannan a ɗora kowace a kan sikelin awon nauyin mutum a danna har ta fashe, a duba nauyin da ta ɗauka. Idan kuma ana son sanin ko sabuwar ƙasa za ta zauna da tsohuwa, sai a haɗa rabi da rabi a mulmula ɗaya, a ga ko za su rabu bayan bushewa.

Ciyawa na girma a cikin wannan sanyi? Sai an yanke ta?

Tana girma, a hankali. Hunturun Ingila ba kasafai yake daskarar da ƙasa na tsawon watanni ba, kuma raigiras takan ci gaba da motsi muddin ƙasa ta haura digiri 5 ko 6. Rana ce ke ƙaranci, domin a Landan yinin tsakiyar Disamba bai kai awa takwas ba.

Saboda haka ana yanka, amma ba bisa kalanda ba. A dandali ana barin tsayin ciyawa tsakanin milimita 15 zuwa 25, a farfajiya kuma 25 zuwa 35. Ka'idar ita ce kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na ganyen a yanka guda. Barin ciyawa ta yi tsawo har Fabrairu sannan a zo a kwashe ta lokaci ɗaya yana sa ta yi rawaya, ta yi sako-sako, tushe ya yi ƙaranci. Yanka kaɗan-kaɗan kuwa shi ke sa kowane tushe ya yi 'ya'ya, dandali ya cika. Sabuwar ciyawar da ta tsiro bayan gyaran kaka, wato aikin Satumban nan, an fi so a fara yanke ta da inji mara nauyi mai kaifin wuƙa, domin dakusasshiyar wuƙa tumɓuke ta take yi. A kwashe abin da aka yanke, kada a bar shi a dandali.

Kafin ka fito da inji, taka gefen dandalin. Idan ruwa ya taso a gefen takalminka, ko sawunka ya fito, mayar da injin rumfa.

Ana ta wahalar daɓe dandali, me ya sa kuma ake huda shi?

Wata shida na rola sun matse ƙasar har iska ba ta da wurin zama, saiwa kuma sai da iska. Huda ƙasa da ƙusoshin ƙarfe yana buɗe wa iska da ruwa hanya, ya ba saiwa ramin da za ta bi ta nutse. Saiwar da ta nutse ita ce ke ɗinke ƙasar ziri, kuma ita ce ke zuƙo ruwa daga ƙasa a lokacin zafi har ziri ya bushe daga ciki. Zirin da samansa kaɗai ya bushe, cikinsa na da danshi, ƙwallo ba ta tashi a kansa.

Lokacin yin sa gajere ne. Ana jira sai sabuwar ciyawa ta kama, ƙasa kuma ta jiƙe har ƙusa za ta shiga ba tare da ta ɗago saman ba, wanda yawanci a Nuwamba ne. Daga nan ana iya maimaitawa kamar sau ɗaya a wata, a nemi zurfin milimita 100 ko fiye, a riƙa sauya zurfin don kada ƙasan ramukan su haɗu su zama wani sabon daɓe a ƙarƙashi. Yawancin masu fili sukan daina kafin ƙarshen Janairu. Dalili kuwa shi ne ramin da bai rufe ba kafin bazara zai buɗe ya zama tsaga idan yumɓu ya bushe. Saboda wannan dalilin ne ma ba a amfani da wuƙaƙe masu tsaga ƙasa a dandali, sai ƙusoshi masu siffar fensir. A farfajiya kuwa wuƙaƙen ba su da laifi, har ma ana hayar tarakta mai manyan ƙusoshi da ke nutsewa su girgiza ƙasa daga ciki.

Me ake nufi da share raɓa? Ba za ta bushe da kanta ba?

A Oktoba da Nuwamba raɓa kan kwana a kan ciyawa ta kuma yini, domin rana ba ta da ƙarfin busar da ita. Ganye mai laima a yanayi mai ɗan ɗumi da rashin iska shi ne abin da cututtukan fumfuna ke so. Wadda ta fi ɓarna ita ce fusariyam, da ke fara fitowa kamar ƙananan tabo masu ruwan ƙasa-ƙasa, wani lokaci da farin abu kamar auduga a gefensu da sassafe. Cikin 'yan kwanaki tabon kan haɗu, kuma wurin da ciyawa ta mutu a Disamba haka zai zauna har Maris, gansakuka da ciyawar banza su mamaye shi. Akwai kuma wata mai fitar da jan zare a bakin ganye, wadda galibi alama ce ta yunwar nitrojin.

Maganin farko ba na kwalba ba ne. Faffaɗan buroshi ake ja a kan dandali da safe, ko doguwar sanda mai lanƙwasa a riƙa kaɗa ta a kan ciyawa, raɓar ta zube, ganye ya miƙe ya sha iska. Aikin minti ashirin ne, kuma shi ne damar da mai fili ke samu ya ga abin da ya sauya tun jiya. Magungunan feshi da suka rage a kasuwa ba su da yawa, suna da tsada, kuma doka ta ce sai mai takardar shaidar horo ne zai fesa irin na ƙwararru.

A zuba taki a hunturu?

Kaɗan, kuma irin na hunturu. Ana amfani da taki mai ƙarancin nitrojin da ɗan fotash mai yawa, sau da yawa haɗe da sinadarin ƙarfe, giram 25 zuwa 35 a murabba'in mita, a lokacin da ciyawa ke motsi kuma ba a sa ran daskarewa. Nitrojin mai yawa yana fito da ganye mai taushi wanda fusariyam ke cinyewa. Rashinsa gaba ɗaya kuma yana barin ciyawa da rauni, domin ruwan sama na wanke abin da ke cikin ƙasa. Sinadarin ƙarfe yana ƙona gansakuka ya ƙara wa ciyawa kore, sai dai yawan amfani da shi yana ƙara wa ƙasa tsami. Gwajin ƙasa duk bayan shekara biyu ko uku ya fi zato.

Tana ba abokiyar ƙasa ba ce? Me ya sa masu fili ke kuka da ita?

A gona abokiya ce, a farfajiya ma tana da amfani, domin ramukanta na taimaka wa ruwa ya wuce. Matsalar wasu 'yan nau'o'i ne da ke turo kashinsu sama, ƙananan tulin laka ko'ina a kan dandali. Idan inji ko takalmi ya bi ta kai yana da danshi, sai ya shafe ya toshe ciyawar da ke ƙarƙashi, ya bar tabon ƙasa tsirara inda irin ciyawar banza zai samu wurin zama. A kan ziri kuma kowane tuli ɗan tudu ne da zai iya karkatar da ƙwallo.

Shekaru da yawa masu fili sun dogara da maganin kabendazim, amma an janye shi daga amfani a filayen wasa na Birtaniya a 2017, kuma babu wani maganin kashe tana da doka ta amince da shi a madadinsa. Abin da ya rage shi ne dabara. A jira ranar da iska ta busar da tulin a share shi da buroshi, a kwashe yankakkiyar ciyawa da ganyen bishiya domin su ne abincinta, a kuma guji zuba abin da zai rage wa ƙasa tsami, tunda tana ta fi son ƙasa mara tsami. Ba a rabuwa da ita, rage ta kawai ake yi.

Na tarar an tone farfajiya da dare. Wa ya yi wannan?

Ɗaga ciyawar wurin ka duba ƙarƙashinta. Yawanci za ka ga gwazarma fara a lanƙwashe, ko wata tsutsa mai launin toka da fata mai tauri, wadda 'yar wani ƙwaro ce mai dogayen ƙafafu da ke yin ƙwai a ciyawa a ƙarshen lokacin zafi. Dukansu saiwa suke ci, har ciyawa ta riƙa ɗagowa a hannu. Hankaki da yanyawar Turai da dagen Turai su kuma tsutsar suke nema, kuma ɓarnar tononsu ta fi ta tsutsar muni. Magungunan da aka saba fesa wa waɗannan tsutsotsi an janye su tun 2016. Wasu kulob na amfani da wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani masu kashe tsutsar, amma sai ƙasa na da ɗumi da laima suke aiki, wato aikin ƙarshen Agusta zuwa Oktoba ne. A tsakiyar hunturu iyakarka ka mayar da ciyawar da aka tone, ka danne ta, ka rubuta wurin don baɗi.

A yi hattara da dage. Dokar 1992 ta ba shi kariya, shi da raminsa, kuma taɓa ramin laifi ne da ke kai mutum kotu. Shinge zai iya zama mafita.

Idan raɓa ta daskare ko dusar ƙanƙara ta rufe fili fa?

Kada kowa ya taka. Ganyen da ya daskare karyewa yake yi daga ciki idan aka taka shi, bayan kwana biyu sai ka ga sawun mutum baƙi-baƙi a jere a kan dandali, kuma zai daɗe bai ɓace ba. Lokacin narkewa ma yana da haɗari, domin sama ta yi laushi ƙasa na daskare, taku ɗaya zai iya tsinke saiwa. Dusar ƙanƙara a bar ta ta narke da kanta, sannan a duba ko fusariyam ta yi aiki a ƙarƙashinta.

Daskarewar ƙasa kanta alheri ce. Ruwan da ke cikin yumɓu yana kumbura idan ya zama ƙanƙara, ya ɗaga ƙasar ya sassauta ta fiye da yadda inji zai yi. Rola ce za ta mayar da ita daga baya.

Filinmu a bakin kogi yake. Me ake yi bayan ambaliya?

Ba ku kaɗai ba ne, domin filayen kurket da yawa a fadamar kogi aka yi su, inda ƙasa take a shimfiɗe kuma ba a gina gidaje. Misalin da kowa ya sani shi ne New Road, filin gundumar Worcestershire da ke gaɓar Kogin Severn, wanda ruwa ke shanyewa kusan kowane hunturu. A 2007 ambaliyar ta zo ne a tsakiyar kakar wasa ta hana su amfani da filin, kuma bayan ambaliyar da ta yi ta maimaituwa a hunturun 2023 zuwa 2024, kulob ɗin ya kai wasanninsa na farko na gida zuwa Kidderminster.

Ciyawa na iya jure kwanaki a ƙarƙashin ruwan sanyi. Abin da ruwan ya bari shi ne matsalar, wato laka mai laushi da ke kwanciya a kan ganye ta toshe fuskar ƙasa. Idan aka bar ta a dandali za ta zama wani sabon hawa a cikin ƙasar. Ana jira har fili ya iya ɗaukar mutum, a tsince tarkace, a share lakar da buroshi ko a wanke ta, a karce idan ta bushe, sannan a ƙara iri inda ciyawa ta mutu. Ruwan ambaliya kan haɗu da na masai, don haka safar hannu da takalmin roba da wanke hannu wajibi ne, kuma kada a bar yara su shiga. Gaggawar shigar da tarakta ita ce ke mayar da ɓarnar mako biyu ta zama ta wata uku.

Ko inda babu kogi, hunturu ne lokacin duba magudanan ruwa. A bi bakin bututun da ke zubarwa cikin kwata bayan ruwan sama mai ƙarfi a ga ko yana gudu, a yashe kwatar, a kuma ɗauki hoton duk inda ruwa ke kwanciya a farfajiya, domin a watan Yuni babu wanda zai tuna wurin. Filin Lord's na Landan, duk da gangarar mita 2.5 da yake da ita daga gefe zuwa gefe, sai da aka kwashe farfajiyarsa aka sake shimfiɗa ta a kan yashi da magudanai a 2002 kafin ya daina ɓata sa'o'i bayan kowane ruwa.

'Yan ƙwallon ƙafa na amfani da farfajiyarmu a hunturu. A hana su?

Da wuya a iya, kuma sau da yawa kuɗin hayarsu ne ke sayen irin ciyawa. Al'adar ma tsohuwa ce. A filin kurket na Oval aka buga wasan ƙarshe na farko na Kofin FA a 1872. Bramall Lane, gidan Sheffield United, an ci gaba da buga kurket a cikinsa har 1973, kuma kulob ɗin Northampton Town ya zauna a filin kurket na gundumarsa har 1994.

Sharaɗi na farko shi ne a kewaye dandali da shinge ko igiya tun ranar da aka gama gyaran kaka, kuma layin filin ƙwallo ya yi nesa da shi. Na biyu, mai kula da fili ne ke da ikon cewa yau ba wasa, ba kocin da ya riga ya tara yara ba. Wasa ɗaya a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa ya fi wasa goma a busasshiya ɓarna. Bayan kowane wasa a bi da cokalin haƙa mai yatsu a mayar da ciyawar da takalma suka ɓantare. A kuma yi yarjejeniya a rubuce kan ranar da za a cire ragar gola da wanda zai biya kuɗin gyaran bakin gola, domin nan ne ke komawa taɓo, kuma nan ne ƙwallon kurket za ta yi tsallen da ba a zata ba a watan Mayu.

Ganyen bishiya da ke zuba fa?

A kwashe shi, musamman a dandali. Yana tare haske, yana riƙe laima, yana kiran tana. Turawan Ingila dai ba sa rabuwa da bishiyoyin filayensu. A filin St Lawrence na Canterbury wata bishiya ta rayu a cikin iyakar wasa, har da dokarta ta musamman, sai da guguwa ta karya ta a Janairun 2005.

Yaushe rola ke fitowa?

Daga ƙarshen Fabrairu zuwa Maris, gwargwadon yanayin shekarar. Aikin kamar daɓen ɗaki yake. Ƙasar da ta jiƙe sharkaf ba ta daɓuwa sai dai ta tsere gefe, wadda ta bushe ƙarau kuma ba ta jin duka. Rola iska take fitarwa daga tsakanin ƙwayoyin ƙasa, ba ta iya matse ruwa. Ana gane lokacin ne idan aka soka wuƙa ta fito ba laka a jikinta, ƙasar kuma tana mulmuluwa a hannu ba tare da ta manne ba.

Ana farawa da abu mara nauyi, sau da yawa injin yankan ciyawa ne da kansa, sannan a riƙa ƙara nauyi yayin da ƙasa ke bushewa, har a kai ga babbar rola ta tan ɗaya da rabi ko biyu. Ana bin dandalin a gicciye da kusurwa-kusurwa, a ƙare da bin tsawon zirin, kuma a tafi a hankali. Idan ka ga ƙasa na tattaruwa a gaban rola ko ruwa na fitowa a jikinta, tsaya.

A da, masu fili kan yi alfahari da yawan sa'o'in da suka kwashe a kan rola. Binciken da Jami'ar Cranfield ta yi da tallafin hukumar kurket ta Ingila da Wales, wanda aka fitar da jagorarsa a 2009, ya nuna cewa mafi yawan matsewar na faruwa ne a zagayen farko-farko, kuma ci gaba da kai-komo a kan ƙasar da ba ta ƙara bushewa ba ƙona mai ne kawai. Gara a yi 'yan zagaye, a bar ƙasa ta sha iska kwana ɗaya ko biyu, a dawo.

Injuna da sauran kaya fa?

Disamba da Janairu ne lokacin kai injin yanka a wasa wuƙaƙensa, a sauya mai, a duba belt da batir. Wanda ya bari sai Maris zai tarar da layi a wurin makaniki. Fetur ɗin E10 da ya zama na yau da kullum a Birtaniya tun Satumban 2021 yana jan laima idan ya daɗe a tanki, don haka a zuƙe shi daga injin da zai yi watanni a ajiye. A sauke ragar atisaye, a ɗaure allunan fari da ake kafawa a bayan mai jifa ko a kwantar da su, domin iskar hunturu na iya kifar da su. A kuma ƙarfafa makullin rumfa, ɓarayin injuna sun san filin ba kowa.

Wannan tsari zai yi aiki a filayen kurket na Najeriya?

Ka'idojin ƙasa za su yi, kalandar ce ba za ta yi ba. Yumɓu da datti da saiwa da rola halinsu ɗaya ne ko a Legas ko a Abuja. Amma hunturun Ingila lokacin ruwa ne da ƙarancin rana, namu kuwa lokacin fari ne da ƙura, inda matsalar ita ce samun ruwan ban-ruwa da hana yumɓu tsagewa. Raigiras ba ta jure zafinmu. Ƙasashe masu zafi da ke buga kurket, irin su Indiya da Afirka ta Kudu da Ostareliya, sun fi dogara da dangin kiri-kiri, wadda ke yaɗo ta rufe tabo da kanta, amma kuma tana tara katifar datti da sauri, tana buƙatar karcewa sosai. Babban gyaran dandali a nan ya kamata ya zo ne lokacin da ciyawa ke da ruwa da ɗumin da za ta farfaɗo.

Kulob ɗinmu ba shi da kuɗi, mutum biyu ne ke aikin. Me za mu fifita?

Gyaran kaka. Idan kuɗin shekara abu ɗaya zai iya saya, a sayi iri mai kyau da ƙasar da ta dace, a yi hayar injin karce mai ƙarfi na kwana biyu. Bayan haka shinge, sannan buroshi, sannan yanka a ranakun da ƙasa ta yarda. Huda dandali sau ɗaya a lokacin da ya dace ya fi sau huɗu a kan taɓo. Farfajiya za ta iya haƙuri shekara guda, dandali ba zai iya ba.

Ba dole ne a mallaki kowane inji ba. A gundumomi da yawa masu kula da filaye suna da ƙungiya da tirelar injuna da ake ba kulob haya a farashi mai sauƙi, kuma hukumomin kurket na gundumomi na da masu ba da shawara da za su zo su ciro samfurin ƙasar dandali su nuna muku zurfin saiwa da kaurin datti. Ƙungiyar masu kula da filayen wasa ta Birtaniya, wadda aka kafa a 1934 kuma ake kira GMA tun 2020, tana gudanar da kwasa-kwasan koyon aikin kaka da na bazara, wasu ta intanet. A ajiye littafi a rumfa, a riƙa rubuta ranar da aka yi kowane aiki, da sunan ƙasar da aka zuba da yawan buhunan, domin wanda zai karɓi makullin bayanku ya san abin da ke ƙarƙashin ciyawar.